Minti ashirin ɗin dillalin Abuja

Rasit ɗin yana nan cikin aljihun jakata har yau, ninki ya fara cin gefensa. Naira 180,000, la'ada, da shuɗin hatimi a ƙasa. Shekara guda ke nan da 'yan kai da na biya wannan kuɗi ga wani ofishin dillalan gidaje da ke saman bene a wani jerin shaguna a Kubwa. Tun daga lokacin mutum huɗu cikin abokan aiki da 'yan'uwa suka tambaye ni ko su ma su bi ta hannunsu. Na gaji da maimaita labarin a waya ina ƙona kati, shi ya sa na zauna na rubuta.

A watan Yunin 2024 takardar sauyin wurin aiki ta same ni a Kano. Ofishin da aka mayar da ni yana Garki, wajen Eriya 11. Ni ne, da mai ɗakina, da yara uku, babbar tana aji huɗu a firamare. Duk zamana a Kano ban taɓa kashe wani kuɗin kirki a kan neman gida ba. Gidan da muka zauna shekara 7 a Rijiyar Zaki a bakin masallaci aka yi maganarsa bayan isha'i. Dillalin dattijo ne mai keke, abin da aka ba shi ya karɓa ya sa albarka, ranar da muka tare har goro ya kawo. Da wannan tunani na shiga motar Abuja.

A can ba a cewa dillali, ejan ake cewa. Ejan kuwa yana da ofis, da fanka, da yarinya mai rubuta suna a babban littafi. Kafin a gama yi maka sannu da zuwa an miƙo maka fom na Naira 10,000. Bayan shi kowace fita duba gida Naira 5,000 ce, kuɗin mota kuma a wuyanka, naka da na yaron da zai raka ka. Gidan ya yi maka ko bai yi ba, wannan ya tafi ke nan. Fita bakwai na yi.

Mai ofishin, wanda kowa ke ce wa Oga, mutum ne mai faran-faran. Hausarsa ta kasuwa ce amma tana fita, waya biyu a hannu, ta uku a aljihun gaba. Tun ranar farko ya naɗa mini Alhaji, ni da ko kujerar Makka ban taɓa tambayar kuɗinta ba. Bari in fara da abin da ya yi daidai, don in ba shi haƙƙinsa. Bai ɓata mini lokaci da hotuna ba. Ya tambayi inda ofis yake, da abin da ke hannuna, da yawan waɗanda za su kwana a gidan. Da na faɗa masa abin da na tanada, bai yi dariya ba, kuma na gode masa da wannan. Sai ya jawo murfin wani tsohon fayil ya zana da'ira a tsakiya, ya ce wannan ce Abujar da nake gani a talabijin, su Maitama da Asokoro da Wuse da Garki, in cire ta daga raina. Sannan ya ja layi uku daga jikin da'irar. Ɗaya ya nufi Kubwa da Dei-Dei da Zuba har Suleja, hanyar Kaduna ke nan. Ɗaya ya bi titin filin jirgin sama ta Lugbe, ya yi wajen Kuje da Gwagwalada. Na ukun ya gangara daga shataletalen AYA ta Nyanya da Karu ya faɗa Mararraba da Masaka a Jihar Nasarawa, hanyar Keffi.

"Alhaji, mai albashi a garin nan hanya yake zaɓa, unguwa daga baya take zuwa. Duba ukun nan ka ga wadda za ka iya tsufa a kanta."

Wannan zanen na murfin fayil ya fi mini duk bayanin da na sha a waya kafin in zo. A 1976, zamanin Janar Murtala, aka yanke shawarar gina birnin, gwamnati kuma ta tare a Disambar 1991 zamanin Babangida. An tsara shi gunduma-gunduma, da tituna masu faɗi da itatuwa, amma tsakiyar ta tafi ga ma'aikatu da ofisoshin jakadanci da masu hannu da shuni. Waɗanda ke buɗe ofisoshin da safe, masinja da akawu da malamin asibiti da direba, garuruwan gefe suka ɗebe su. Ƙidayar 2006 ta ba yankin birnin tarayya mutum kusan miliyan 1.4. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Nyanya da ƙarfe 6 na safe ya san an bar wannan lissafi can baya, balle ma da yawan masu tururuwar a Nasarawa suka kwana, ba sa cikin lissafin Abuja tun asali. Ga shi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama haya ta biyu, wadda ba a rubuta ta a yarjejeniya amma kullum sai an biya.

Fitar farko laifina ce. Na nace sai an kai ni Gwarimpa, saboda tun muna yara muke jin labarin rukunin gidajen da aka fara zamanin Abacha. Aka nuna mini ɗaki biyu da falo, aka faɗi kuɗi, na duba silin kamar ina neman yoyo, na ce zan yi shawara. Naira 5,000 ta tafi a kan son zuciya.

Fita ta biyu ita ce dalilin wannan rubutu. Ranar Lahadi ce, bayan azahar, Oga da kansa ya ɗauke ni a motarsa zuwa Mararraba. Gida ne ɗaki uku da falo, da 'yar tsakar gida da za a iya shanya a yi girkin itace in an so, Naira 900,000 a shekara. Unguwar kuwa kamar an yanko wani yanki na Kurna ta Kano an dasa: mai shayi da gidan rediyonsa, mai tsire yana hura wuta, yara da allo, masallaci a kowace kwana, kowa ka yi wa sallama da Hausa zai amsa. Raina ya kwanta. Na tambaye shi daga nan zuwa Eriya 11 minti nawa ne.

"Minti ashirin, Alhaji. In ya yi yawa ashirin da biyar."

Da muka juyo na sa ido a agogo. Minti 24 muka yi. Na kusa ba da kafin alƙalami a daren.

Allah ya taimake ni da wani dattijo a ofishinmu, ɗan Zariya, wanda ya yi shekara ashirin da wani abu a Abuja. Da na ba shi labari sai ya ce, "Ƙanena, gani ya kori ji. Je ka kwana a can daren Litinin, ka zo aiki daga can, sannan ka zo mu yi magana." Akwai ɗan'uwan mai ɗakina da ke sayar da yadi a Mararraba, a ɗakinsa na kwana. Ƙarfe 6 da minti 10 na fito bakin titi, ina ganin na yi sammako. Na tarar da mutane jere gefen titi iyakar ganina, masu kwat, masu kayan sarki, mata da goyo, 'yan makaranta da jakunkuna. Kowace mota ta rage gudu sai a yi mata caa. Sai a ta biyar na samu shiga, huɗu a baya biyu a gaba, gwiwata a jikin giyar mota. Matar da ke bayana tana riƙe da yaro cikin kayan makaranta yana barci, tana ɗura masa koko da cokali yana haɗiya ido a rufe. Ta ce kullum haka suke karyawa. Daga Mararraba zuwa Nyanya tafiyar hawainiya muka yi, masu tallan burodi da ruwan leda suna wuce mu a ƙafa, su je su dawo su sake tarar da mu. Direban yana ba da labarin cewa wai yanzu ma an samu sauƙi, in ji yadda hanyar ta kasance bayan bam ɗin tashar Nyanya na Afrilun 2014, lokacin da aka kafa shingen bincike. Muka hau tudun Kugbo da ƙyar. Ƙarfe 8 da minti 40 na sa hannu a littafin ofis, rigata ta jiƙe. Da yamma na maimaita, na tashi ƙarfe 5, na tarar an idar da isha'i.

Washegari na hau benen Oga da shirin faɗa. Ya saurare ni har na gama, ya yi dariya har da buga tebur.

"Haba Alhaji, ai ban ce maka ranar Litinin ba."

Na rasa abin cewa, don a zahiri bai yi ƙarya ba. Amma mutumin da ka gaya wa inda ofishinka yake, ka biya shi don baƙo ne kai shi ɗan gari, ya zaɓi Lahadi da rana ya auna maka hanya, ya san abin da yake yi. A nan na fara rage masa maki, kuma daga ranar ban sake yarda a kai ni duba gida a ƙarshen mako ba. Ba na kushe Mararraba. Dubban mutane suna zaune a can suna rufa wa kansu asiri, cefane ya fi araha, wanda kasuwancinsa ke can ko aikinsa ba na sa hannu da ƙarfe 8 ba ne zai ji daɗinta. Ni dai na ga yaron nan mai shan koko cikin barci, na tuna nawa.

Daga nan Oga ya haɗa ni da yaron ofishinsa, kuma wannan ne alheri mafi girma da ya yi mini, ko da yake bai sani ba. Saurayi ne Bagware, shekarunsa ba su kai 25 ba, Hausarsa ta fi ta Oga nesa ba kusa ba. A yankin aka haife shi. Muna tafe a mota yana nuna mini wuraren da ya ce kakanninsa sun noma doya da dawa, yanzu duk katanga ce da waya mai ƙaya. Ba ya yawan magana.

Shi ya kai ni Lugbe. Gidan sabon fenti ne fes, tayil yana ƙyalli, ƙofofin ƙarfe, banɗaki a kowane ɗaki, Naira miliyan 1.6. Titin filin jirgi kuma ya fi na Nyanya numfashi. Har na kira mai ɗakina ta bidiyo a WhatsApp ina zagayawa da ita, tana cewa a nan za a sa firji, a can gadon yara. Sai yaron ya ce, "Yallaɓai, zo ka ga inda za ka ajiye janareta." Na bi shi bayan gida. Bai nuna mini wurin janareta ba. Ya tsaya kusa da tankin ruwa yana kallon ƙasa, ni kuma na kalli bangon da ke bayan tankin, inda burushin mai fenti bai kai ba. Wani layi ne ruwan ƙasa, miƙaƙƙe kamar an ja shi da rula, daidai ƙuguna. Ƙasa da layin bangon ya yi duhu, siminti yana marmashewa. Na koma cikin gidan da wasu idanun. Soket ɗin wuta duk an ɗaga su sama kusa da ƙirji, an toshe ramukan tsofaffin a ƙasa an shafe da fenti. Ƙofar maƙwabci an gina mata ɗan dakali na bulo biyu da sai an tsallaka ake shiga. Bayan katanga kuma ga wani rafi yana tafiya a hankali, cike da ledoji. Sai na tuna hotunan ambaliyar da ta shanye wani rukunin gidaje a Lugbe a watan Yunin 2023, motoci suna iyo. Hannunka mai sanda ya yi mini, bai furta kalmar ruwa ba ko sau ɗaya. A mota ne kawai ya ce, "Yallaɓai, kada ka ce wa Oga na kai ka baya." Yanzu ya bar wurin, shi ya sa na faɗa.

Shi ne kuma ya koya mini kallon katanga. Duk inda na ga jan fenti an yi alamar gicciye da wasu lambobi, ya ce in wuce ko da kyauta ne, hukuma ta yi wa wurin alamar rusau. Mutanen Abuja ba su manta shekarun El-Rufa'i yana minista ba, daga 2003 zuwa 2007, kuma har gobe katafila ba ta yi ritaya ba. Gidaje da yawa a ƙauyukan da birni ya cim musu a hannun masu unguwa aka sayi filinsu, babu takardar gwamnati. Ranar da aka zo rushewa mai gida ya yi asarar gini, ɗan haya kuma ya yi asarar kuɗin shekara, ga kayansa a titi.

Mpape ba mu daɗe ba. Kusa take da Maitama ƙwarai, amma hanya ɗaya ce mai hawa, ga ƙurar masu fasa dutse, ga labarin girgizar ƙasar da aka ji a can a 2018. Ɗana na biyu yana da asma, magana ta ƙare. Can wajen Dutse ta Abuja da hanyar Bwari mun ga gida mai kyau da sauƙin kuɗi, sai dai sace-sacen mutanen da aka yi a yankin a farkon 2024 yana bakin kowa a lokacin. Mai ɗakina ta ce ko a mafarki.

Akwai wani mai gida da ya zaunar da ni kamar mai neman aure. Mata nawa? Yara nawa? Akwai shirin ƙari? 'Yan'uwa za su riƙa zuwa daga gida suna kwana? Kafin mu shiga Oga ya kira ni ya ce in ce yara biyu ne, na ukun in ya tare ai ba za a kore shi ba. Na ce masa ba zan fara zama da mutum da ƙarya ba, kuma wanne daga cikinsu zan ɓoye a kwali? Mai gidan ya ce zai kira. Bai kira ba.

A ƙarshe Kubwa ta ɗauke mu, ɗaki biyu da falo a gida mai sassa huɗu. Gidan bai kai na Lugbe kyau ba, bai kai na Mararraba girma ba. Abin da ya ja ni daban ne. Titin Kubwa zuwa cikin gari mai faɗi ne, na gwada shi ranar Litinin da ranar Laraba kafin in ce uffan: in na fita ƙarfe 6 da rabi, kafin 7 da rabi ina Garki, sai dai ranar da aka yi haɗari ko ruwan safe. Akwai babban asibitin gwamnati a garin. Akwai Islamiyya da yara za su je a ƙafa. Ruwan famfo yana zuwa layin, don madatsar ruwa ta Usuma ba ta da nisa. Sannan ga abin da ɗan Arewa ba ya rainawa: ranar Juma'a in na tashi tafiya gida, ta Zuba zan fita in kama hanyar Kaduna, ban ratsa cikin gari ba. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ma yana da tasha a Kubwa, ya sauke ka a Rigasa. Mahaifiyata dai tun harin da aka kai masa a watan Maris na 2022 ba ta son jin na hau, sai in na sauka nake gaya mata.

Ranar biyan kuɗi ita ce ranar da na ga ainihin sana'ar. Na zo ina tsammanin ni da Oga da mai gida ne. Na tarar da mutum uku zaune a kan benci waɗanda ban taɓa gani ba, kowa ya gaishe ni kamar mun saba. Ashe gidan ba a hannun Oga yake ba. Wani ne mai gida ya ba wa, shi ya gaya wa wani, wancan ya sa a zauren WhatsApp ɗinsu, na uku ya turo wa Oga. La'adata a gabana aka fara rabonta da ido. Wannan bai dame ni ba sosai, kowa da hanyar cin abincinsa. Abin da ya dame ni takardar lissafin ce. Haya Naira miliyan 1.8. La'ada kashi 10 cikin 100, Naira 180,000. Kuɗin lauya, shi ma kashi 10, wata 180,000. Kuɗin ajiya saboda ɓarna, wanda suke kira koshan, Naira 100,000. Kuɗin mai gadi da kwasar shara da fitilar waje, Naira 120,000. Jimla Naira miliyan 2 da 380,000. Gidan da aka ce mini miliyan 1.8 ne. Sai da na sayar da ɗan filin da nake da shi a wajen Kano, na kuma ci bashin ƙungiyar adashen ofis.

A cikin duka, kuɗin lauyan ne ya tsaya mini a wuya. Ban ga lauya ba, ban ji muryarsa ba. Yarjejeniyar shafi uku ce da aka yi wa hoto, an goge sunan wani da farin ruwan gogewa an rubuta nawa a kai da biro, har ana iya karanta harafin farko na sunan mutumin. Na ce a rage. Oga ya ce haka tsarin yake a ko'ina. Na miƙe na ɗauki jakata, sai ga shi an dawo kashi 5. Wato Naira 90,000 tana zaune ne kawai tana jiran ko zan yi shiru. Wanda zai bi bayana ya riƙe wannan.

Wani abu kuma da na tsaya a kai, kuma a nan Oga bai ba ni wahala ba: na ce sai na ga mai gida ido da ido, kuma kuɗin haya asusunsa zai shiga, mai ɗauke da sunansa, ba na ofis ba. Labarin gida ɗaya da aka karɓi kuɗin mutum uku a kansa, ejan ya kashe waya, ba baƙo ba ne a Abuja. Oga ya kira dattijon, tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, ya zo da takardunsa a leda, muka gaisa, na tura, ya ga saƙo, ya ba ni makulli da hannunsa. A wannan ɓangare ofishin ya fita kunya. Ba 'yan damfara ba ne, kuma a garin nan wannan ma abin faɗa ne.

Bayan tarewa ne tsugune ba ta ƙare ba. An yi mini alƙawarin za a gyara ragar sauro ta tagogi biyu da famfon kicin kafin mu shigo. Muka shigo, ba a taɓa ko ɗaya ba. Daren farko na sayi katin wuta na Naira 10,000, abin da ya shiga mita bai kai abin da na lissafa ba. Da na bincika, sai aka ce akwai bashin wanda ya tashi, Naira 64,000, ana cirewa a hankali duk lokacin da aka sa kati. Minti biyu ya isa ejan ya gano wannan kafin a biya, in ya so. Na kira Oga. Mutumin da a da in na yi masa fulashin sai ya kira, yanzu waya uku duk suna ringin babu mai ɗauka. Da na same shi a ofis ya ce ai wannan tsakanina da mai gida ne, shi aikinsa ya ƙare ranar da aka ba ni makulli. Na ce masa Oga, kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ya ce zai duba. Dattijon mai gidan ne daga baya ya yarda muka raba bashin biyu, raga da famfo kuwa ni na kira mai gyara.

Wutar ma akwai magana. Oga ya yi ta tallata mini cewa layin Band A ne, wato rukunin layukan da aka fi ba wuta, ba ta ɗaukewa. Gaskiya ana samunta sosai, janaretan da na taho da shi daga Kano ya fi zama a rufe. Abin da bai faɗa ba shi ne tun watan Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wannan rukuni Naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta. Yanzu a gidanmu dutsen guga da hita sai da izini. Ruwa kuma yana zuwa kamar yadda aka ce, amma da zafi ya tsananta wajen Maris sai ya koma zuwan dare, wani makon ma sai mun tare 'yan ga-ruwa da kurarsu. Wannan ba zan ɗora wa Oga ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma da na tambayi matar da ke sashen gaba tun kafin in biya, da ta gaya mini kyauta, kamar yadda ta gaya mini daga baya wace mota ba a shiga da daddare saboda 'yan wan-cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi.

To, in bi ta hannunsu ko kada in bi? Haka masu kirana suke tambaya. Wanda ya zo Abuja bai san kowa ba, kuma an ba shi mako biyu ya kama aiki, zai sha wuya in ya ce zai yi ba ejan, don yawancin masu gidaje ba sa ma magana da ɗan haya kai tsaye. Wannan ofishin sun san gari, suna da gidaje a hannu, ba su gudu da kuɗina ba. Zanen murfin fayil da ganin mai gida ido da ido sun ci wani abu daga cikin la'adar. Sauran ban ga abin da ya saya mini ba. Aikin da ya tsare mini dukiya, wato leƙa bayan tanki, yaron da ake ba Naira 1,000 kuɗin abinci ne ya yi shi, ba tare da sanin maigidansa ba. Ranar da muka tare na ba shi abin da ya sawwaƙa, ya ƙi karɓa sai da na haɗa shi da Allah. Lambarsa nake bayarwa yanzu, ya kama ɗan shago shi da abokinsa a wajen Byazhin, nan Kubwa.

Watan jiya shekara ta cika, mai gida ya aiko da takarda ya ƙara Naira 400,000. Ban san yadda labari ya kai ba, kwana biyu tsakani sai ga kiran Oga, na farko tun ranar rigimar mita.

"Alhaji! Kwana da yawa. Na ji an yi maka ƙari. Akwai wani sabon gida a Karsana, ba a taɓa shiga ba, daga nan zuwa ofishinka minti ashirin."

Na ce, "Oga, wace rana?"

Ya yi dariya, ya ce in zo Lahadi mu gani.